Tabo a Zanin Gado: Tsakanin Mai Masauki da Baƙonsa

 

Zancen yau na cikin ɗaki ne, irin wanda ba a cika yinsa a zaure ba. Baƙo ya kwana biyu ko uku a ɗakin da ka ba shi haya, ya yi sallama ya tafi. Ka shiga gyara, ka ɗaga bargo, sai ga tabo a zanin gado. Ko jini, ko manja, ko lalle, ko kuwa yaro ya yi fitsarin kwance har ya ratsa katifa. Yaya za ka yi da zanin, yaya kuma za ka yi da baƙon, wa zai biya?

Wani zai ce, mu a cikin birnin Zariya yaushe muka fara sayar da makwanci? Gaskiya ne, gidajen saukar baƙi yawancinsu a wajen ganuwa suke, Sabon Gari, Samaru, Kongo, wajajen Ji'ar'e. A cikin birni, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, abin da muka gada shi ne a share wa baƙo zaure ko shigifa, a kai masa tuwo, a ce baƙonka annabinka. To amma saukar da baƙo don samun abin kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun san gidan fatoma tun zamanin ayari. Hausawan Sabo a Ibadan sun daɗe suna saukar da 'yan kasuwar shanu da na goro a gidajensu, maigida yana cin la'ada. Abin da ya canza a yau shi ne katifar soso da farin zani sun maye gurbin tabarma da buzu, su kuwa ba a kakkaɓe su a rataye.

Baƙi kuma ba sa yankewa a garin nan. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take jawo iyaye da ɗalibai, ranar tantancewa da ranar yaye ɗalibai ɗaki yakan yi wuya. Idan Defo na sojoji za ta yaye kurata, dangi sukan zo daga kowane lungu na Nijeriya. Ga Hawan Sallah da Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau, ga bukukuwan aure. Ga kuma waɗanda ba daɗi ne ya kawo su ba, wato masu jinya a asibitin koyarwa na Shika da asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Don haka mai ɗakin da ba kowa a ciki, ko wanda ya gina ɗaki da banɗaki a gefen gida, yakan bayar na kwana uku ko na mako, ya karɓi abin cefane. Da ku nake magana a yau, da matan gidajenku waɗanda galibi wankin a kansu yake ƙarewa, da 'yan wanki da guga.

Ga inda na tsaya tun da fari. Mafi yawan tabon da ke kashe zanin gado, tsoro da kunya ne suke kashe shi. Matar da jinin al'ada ya zo mata cikin dare a gidan mutane, idan ta san za a yi mata fuska ko a ci ta tara, me za ta yi? Ko ta dunƙule zanin ta cusa a bayan gado, ko ta dafa ruwa ta wanke a ɓoye, ko ta juya katifa. Duk ukun kuwa su ne suke mayar da tabon minti goma ya zama na har abada. Wanda ya tsananta wa baƙi, zaninsa yake wa illa. Saboda haka abu na farko da zan ba ka shawara ba sabulu ba ne. Ka ajiye bokiti da ɗan omo a banɗakin baƙo, da zani ɗaya na canji a ninke, kuma ranar da ka miƙa makulli ka faɗa da bakinka: "Malam, idan wani abu ya zuba a shimfiɗa kada a ji nauyi, a jiƙa shi a ruwan sanyi kawai, sauran aikin namu ne." Idan baƙuwa ce, uwargida ta faɗa mata, mace da mace.

Sai mu rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa, tabo da najasa. Ba kowane tabo ne najasa ba. Manja da goro da lalle da shayi duk masu tsarki ne, muni kawai suke sa wa zani. Fitsari da jini da maniyyi kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukan birnin nan, najasa ne. Wannan yana da muhimmanci domin baƙo yakan yi salla da kayan da ya kwana da su, wani ma a gefen shimfiɗar yake shimfiɗa dardumarsa. Malamanmu sun karantar da cewa ruwa tsantsa ne yake gusar da hukuncin najasa, wanda bai jirkita da sabulu ko wani abu ba. Ke nan komai yawan omon da aka sa, ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa zalla har ya fita garau. Sun kuma yi sauƙi a wuri guda, cewa idan an wanke iyakar iyawa, launi ko ɗan wari ya ƙi fita, zanin ya tsarkaka. Wannan hukuncin salla ne. Hukuncin kasuwa daban. Baƙon da ya biya kuɗinsa ya ga inuwar jini a inda zai sa kansa, ba zai tambaye ka fiƙihu ba, gobe wani gidan zai nema.

To, bari mu shiga wurin wanki.

Jini shi ne ya fi tayar da hankali, shi ne kuma ya fi sauƙin fita idan an yi sauri. Kada ma ku ɗauka kullum na al'ada ne. Da hunturu a Zariya haɓo yakan ɓalle wa mutum yana barci, faso yakan tsage a diddige ya bar ɗigo a ƙasan zani, mai jinya yakan dawo daga asibiti da wurin allura ko ɗinki. Doka ɗaya ce: ruwan sanyi, kada na zafi. Jini da ruwan zafi kamar ƙwai ne da kaskon suya, da ya ji wuta ya daskare ya kama zare, shi ke nan. A buɗe wurin a zuba ruwan sanyi ta bayan tabon, don ya fita ta inda ya shiga. A jiƙa da gishiri na ɗan lokaci, a goga sabulun wanki a cuɗa. Idan ya riga ya bushe, a bar shi ya kwana a ruwan omo. Idan da sauran inuwa a farin zani, akwai ruwan haidurojin da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo. A ɗiga a wurin, za a ga yana kumfa, a ɗauraye. A zani mai launi kuwa a fara gwadawa a bakin kalmasa, don yakan ci launi.

Maiƙo hanyarsa kishiyar ta jini ce, shi ruwan ɗumi yake so. Maiƙo kuwa ya fi komai yawa a shimfiɗar baƙi, sai dai ba a lura da shi da wuri: basilin da man kaɗanya na hunturu, man kitso a rigar filo, turaren mai da humra, romon tsire da aka ci a kan gado. Idan sabo ne a barbaɗa garin sitati ko hoda ya tsotse, a kakkaɓe, sannan a shafa sabulun wanke-wanke na ruwa a kan busasshen zani kafin ruwa ya taɓa shi. Iyayenmu mata sun san jiƙon kanwa da ruwan toka suna yanka maiƙo, kuma gaskiyarsu, daga irin wannan sinadari ake yin sabulu. Manja yana da jan launi bayan maiƙon. Sabulu zai fitar da man, jan kuwa rana ce maganinsa. A shanya shi da danshinsa a tsakar rana, a maimaita, zai kwashe. Rana dai ba mu rasa ta ba a Zazzau.

Goro, shayi da zoɓo dangin juna ne. A ɗauraye nan take, a jiƙa a omo, kada dutsen guga ya hau kansu sai sun fita sarai. Wannan ma doka ce ta kowane tabo, a duba zani a haske bayan ya bushe kafin a goge. Dutsen guga hatimi ne, abin da ya danne ya zauna.

Lalle kuma, Allah ya ba masu masaukin 'yan biki haƙuri. Jan lalle na gargajiya yakan dushe a hankali da wanki da rana. Baƙin nan na zamani da ake haɗawa da rinin gashi, wanda ƙawayen amarya ke zanawa su kwanta kafin ya gama bushewa, shi rini ne sosai, ba wani sabulu da zan yi muku alkawarinsa. Wanda ya san 'yan biki zai saukar, ya ɗauke farin zaninsa ya shimfiɗa mai duhu, ya ajiye baƙin tawul na goge kwalliya. Jan baki da hoda da kwalli, a bi da su yadda ake bi da maiƙo.

Akwai wani tabo da ba na baƙo ba ne, na ruwanmu ne. Mutumin Zariya ba ya buƙatar a ba shi labarin wahalar ruwa, da yawanmu daga kurar 'yan garuwa muke saye, ko rijiya, ko burtsatse. Wani ruwan yana ɗauke da jar ƙasa, wani da sinadarin ƙarfe. Shi ne za ka ga farin zani yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa, ko ɗige-ɗigen tsatsa sun fito. Idan ruwan ya yi gurɓi, a sa alif a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Tabon tsatsa kuwa, ko daga ruwa, ko daga wayar shanya, ko ƙarfen gado, kada a sa masa bilic, ƙara kama shi yake yi. Lemun tsami da gishiri, a shanya a rana.

Tun da na ambaci bilic, irin su Hypo da Jik, bari in tsaya a kansa, don ana ɓarna da shi. Wasu tsiyaya shi suke yi kai tsaye a kan tabo. Sakamakon haka zaren wurin ya ruɓe, bayan wanki biyu ko uku ya huje. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na kashe ƙwayoyin cuta a kayan shimfiɗa, bayan an wanke da sabulu, a jiƙa na minti 30 a ruwan da ƙarfin bilic ɗinsa bai wuce kashi 0.05 cikin ɗari ba. Ku duba jikin robar. Idan an rubuta 3.5, to awo ɗaya na bilic ne a awo kusan 70 na ruwa. A jarka mai lita 20, abin da za a zuba bai cika kwalbar lemo ƙarama ba. Kuma farin auduga kawai. Sannan don Allah a kiyaye, ba a haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko ruwan khal, ko a zuba shi kan fitsarin da ba a ɗauraye ba. Haɗin yana tayar da iska mai guba, a ƙuntataccen banɗaki tana iya shaƙe mutum.

Masu sauraro, za mu ɗan sha iska, mu dawo kan katifa da kuma maganar biya.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Muna magana ne kan tabon da baƙo ke bari a shimfiɗa.

Zani ana wankewa, katifa ce asara. Soso yana shan fitsari har ciki, kuma duk ruwan da ka ƙara masa tura shi ciki kake yi. Idan abin ya faru, a danna da busasshen tawul a tsotse iyakar abin da zai fito, kada a cuɗa. A yayyafa ruwan khal da aka sirka, a sake tsotsewa, a barbaɗa bekin soda mai yawa ya kwana, a kakkaɓe, a fitar da ita rana ta wuni, a juya. Da rani wannan yana yi. A watan Agusta kuwa, ruwa na zuba ba rana, katifar sai ta yi fumfuna ta ciki, warin kuma ba turaren wutar da zai rufe shi. Don haka ban ga dalilin da mai masauki zai sayi katifa mai tsada ya ƙi saya mata riga ba. Leda mai kauri irin ta gadon asibiti, a kai wa tela a Tudun Wada ko kasuwar Sabon Gari ya ɗinka ta da zif daidai katifar. A ɗora mata wani tsohon bargo ko zani mai kauri don kada ta yi ƙara ko ta tara gumi, sannan zanin gado a sama. Filo ma haka, riga biyu. Kowane gado kuma ya zama yana da zani kashi uku, ɗaya a kan gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye.

Wane launi? Manyan otal-otal na duniya fari suke sawa, ba don ba ya datti ba, sai don shi ne yake jure bilic da ruwan zafi, kuma baƙo na gani ya san an wanke. Mai fulawa yana ɓoye tabo, amma abin da ya ɓoye wa baƙo ya ɓoye maka kai ma. A ganina fari ga baƙon yau da kullum, mai duhu ga 'yan biki da masu ƙananan yara.

Yanzu ga wanda ake mantawa da shi, mai wankin. Sau da yawa uwargida ce, ko 'yar aiki, ko almajirin gida. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, hannun mai wanki kuwa da wuya ka same shi ba tsaga, balle da hunturu. Safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin kwano ɗaya na shinkafa ba. A saya. Kada a kakkaɓe zani mai ƙazanta a tsakar gida, a naɗe shi ciki, a wanke shi daban da kayan yara, ruwan wankin a zuba a masai, kada a kwararo inda yaran unguwa ke wasa. Ni dai ban yarda a miƙa wa ƙaramin almajiri zani mai jini ba, ko da za a ƙara masa tuwo. Idan baƙo ya yi amai da gudawa mai tsanani, ko zazzaɓi da zubar jini, kada kowa ya taɓa shimfiɗar da hannu, a sanar da ma'aikatan lafiya, domin kwalara da zazzaɓin Lasa ba baƙi ba ne a jihar Kaduna. Idan kuma ka lura baƙo yana ta susa, ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ta rabu da jikin mutum. Ruwan zafi da guga suna kashe ta, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na tsawon mako.

Kafin ka ɗaga waya ka kira baƙo kuma, duba da kyau. Ƙananan ɗige-ɗigen jini a warwatse, da baƙaƙen ɗigo kamar na tawada a bakin ɗinkin katifa, wannan ba aikin baƙo ba ne, kuɗin cizo ne. Jinin baƙonka ne ƙwarin gidanka suka sha. A nan kai ne mai ba da haƙuri. A fitar da gado da katifa rana, a zuba tafasasshen ruwa a gaɓoɓin katako, a toshe tsagar bango, wadda a ginin ƙasa ba ta rasuwa. Kada a yi wa katifa wanka da fiya-fiya a sa mutum ya kwana a kai. Guba ce ta gona, ta kashe mutane a ɗakunan barci.

Sai babbar magana, wa zai biya?

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kusan ba zauren karatu a birnin nan da ba a biya shi. A babin ciniki da haya ya nuna cewa wanda ya yi hayar wani kaya ya lalace a hannunsa ba ya ramuwa, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Malamai suka yi bayani cewa mai haya amintacce ne, ramuwa tana hawa kansa ne idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ku auna wannan da abin da muke ciki. Wanda haɓo ya zo masa cikin barci, wane sakaci ya yi? Jaririn da ya tsula fitsari fa? Baiwar Allah da aka kawo Ƙofar Gayan neman maganin yoyon fitsari, wadda lalurar ta riga ta raba ta da jama'a, ita za ka bi da lissafin zani? Wannan duk cikin kuɗin ɗaki yake. Mai shayi ba ya cajin wanda ya sha don kofi ya yi datti. Idan lissafinka bai ɗauki wanki da canjin zani ba, kuɗin ɗakin ne ba ka yanka daidai ba.

Ganganci kuwa daban ne. Wanda ya goge takalmi da farin tawul, ko ya ƙona zani da sigari ko garwashin shisha, ko aka yi rinin gashi a kan gado, ko ya bar yaro ya yi ta fitsari kwana huɗu ya ɓoye, alhali an ba shi leda an kuma gaya masa, wannan ya biya, ba kunya a ciki. Amma ya biya abin da ya ɓata, ba sabo ba. A ce ka sayi zani naira dubu 12, ka san shekara biyu yake yi maka, ya riga ya ci shekara ɗaya. Abin da aka ɓata maka na dubu 6 ne. Idan kuma ya fita da wanki, kuɗin wanki kawai kake bi. Karɓar kuɗin sabon zani alhali tsohon yana kan igiya ya fita tas, wannan cin haram ne, ko da an kira shi tara.

A Legas da Abuja masu ba da hayar gida na kwanaki sukan karɓi kuɗin ajiya, a mayar wa baƙo idan ya fita lafiya. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya ba mai masauki kwana 14 bayan fitar baƙo ya shigar da kokensa, kuma sai da hujja, hoto da rasit. Abin koyi a nan shi ne ƙa'idar tana nan tun kafin baƙo ya shiga, kuma magana ba ta wuce lokacinta. Mu ma in za a karɓi kuɗin ajiya, a faɗa tun a bakin ƙofa, a faɗi nawa ne da abin da zai sa a taɓa shi, a rubuta ko a tura ta waya. A duba ɗaki ranar da baƙo ya fita, kafin wani ya shiga. Sharaɗin da aka ƙirƙiro bayan an ga tabo ba sharaɗi ba ne.

Yadda ake faɗa kuma ya fi abin da ake faɗa. Ba a gaban matarsa ba, ba a gaban direbansa ba, ba a zaure cikin mutane ba. Ka kira shi ka ce: "Alhaji, an isa gida lafiya? Ya gajiyar hanya? Dama wata 'yar magana ce. Mun ga wuta ta taɓa zanin gadon, ya huje wuri biyu. Na ce bari in sanar da kai kafin in taɓa kuɗin ajiyar." Mutumin kirki zai ce, "Wallahi Malam a yi haƙuri, a cire abin da ya dace." Idan ya musa, kuma abin bai taka kara ya karya ba, ka bar shi, ka dai san wanda za ka ce wa ɗaki a cike yake in ya dawo. Idan babba ne, kamar katifa sukutum, ga wanda ya haɗa ku, ga mai unguwa.

Hoto kuwa, ɗauka don hujja tsakaninka da shi ba laifi. Amma abin da ake yi yanzu na ɗora hoton shimfiɗar mutum a Facebook ko zauren WhatsApp, ana cewa ku ga ƙazantar da wasu suka bar mana, wannan tonon asiri ne, addini ya hana, al'ada ta hana. Zariya kuma ƙaramin gari ne a wajen labari. Kafin la'asar an gane ko 'yar gidan wa ce ta sauka a wurinka makon jiya. Abin da mai masauki ya gani a zanin gado amana ce, har matarsa da yaransa ya kamata ya ja wa kunne kada a kai shi gidan biki ko bakin rijiya. Kuma tabo ba shaida ba ce a kan mutuncin kowa, kada a gina zargi a kansa.

Risala ɗin nan dai, a wuri guda, ta ɗora ramuwa a kan masu sana'a game da kayan da suka tafi da su wurin aikinsu. Ke nan ɗan wanki da guga da ya karɓi zaninka ya kai shagonsa, garwashin dutsen guga ya faɗo ya huda shi, ko ya haɗa shi da atamfa mai zuba, a ƙa'ida shi ke da ramuwa. Sai dai adalci shi ne ka nuna masa tabon tun wurin miƙawa, ka gaya masa ko na mene ne, don ya san ruwan da zai sa, ya kuma kare hannunsa. Kada ka dunƙule masa a cikin ƙullin kaya, in ya dawo bai fita ba ka ce shi ya ɓata.

Zanin da ya ƙi fita fa? Kada a juya tabon wajen ƙafa a rufe da bargo, baƙo yana gani. Idan auduga ce, masu rini za su mayar da shi shuɗi mai duhu ko baƙi, ya koma na 'yan biki. Idan mai roba ne ba ya kama rini sosai, sai tela ya yanke wurin, ya fitar da rigunan filo biyu ko uku daga sauran, ragowar ta zama tsumman goge ɗaki. Wanda ya rage da kyau bayan an wanke shi an tsarkake, ana iya amfani da shi a cikin gida. Da damina kuma kada a ninke zani da sauran danshi a sa a akwati, ɗigon fumfuna ya fi na baƙo wuyar fita.